Tabarma a Aji Tara

Ni dai aron tabarma kawai na je. Ina faɗin haka tun farko domin har yau akwai masu cewa da gangan na yi, wai na je Dili, babban birninmu, kwas na mako biyu na dawo ina jin kaina. Sharri suke mini. Damina ce, simintin aji tara ya yi sanyi, ni kuma ina so yara su zauna a ƙasa.

Abin da ya faru ranar Litinin babu wanda bai ji ba a tsaunin nan. Mestre Zeferino, malamin lissafi, wanda ya koyar da ni ya kuma koyar da rabin iyayen ƙauyenmu, ya ɗaga bulalarsa ta gora zai zabga wa wata 'yar firit mai suna Ermelinda, wai ba ta yi aikin gida ba. Bulalar nan ta girme ni a aikin koyarwa, har suna gare ta, yara na ce mata Gwaggo. Kafin Gwaggo ta sauka sai Leonia ta taso daga bencin gaba, ta fizge ta, ta sa gwiwa ta karya ta gida biyu. Ta jera guntayen a kan teburinsa kamar mai jera cokula, ta koma ta zauna.

Leonia fa. Da wani aka ce mini da ban yi mamaki ba, muna da tsagerun da za su iya. Amma yarinyar nan ko kaza ba ta kora da ƙarfi. Ita ce ta ɗaya a aji, ita ke share allo, kuma Mestre Zeferino ne ya riƙe ta a coci ranar baftismarta. A makaranta ne kawai take ce masa Mestre, a waje Pai take kiransa, yadda take kiran ubanta.

Tsohon ya fice daga aji. Ofis ya wuce, ya tsaya a gaban shugaban makaranta, Mestre Gaspar, ya ce, "Ko ni ko ita."

Mestre Gaspar mutum ne da ba ya son tashin hankali, abin da ya fi sauƙi shi yake yi. Ranar Juma'a da safe motar da ke zuwa garin Gleno za ta tafi da takardar sunayen masu zana jarrabawar ƙasa. Ya ce zai cire sunan Leonia, shi ke nan. To, a wurinmu yarinya 'yar shekara sha shida in ta rasa jarrabawa ba ta jiran baɗi. Kakar kofi na tafe, za a miƙa mata kwando ta shiga gona, kuma ban taɓa ganin wadda ta dawo aji daga can ba.

Na ce, "Mestre, ka ba ni zuwa Juma'a."

"Ki yi me?"

Na zayyana masa abin da aka koya mana. A zauna a da'ira, mai laifi da wanda aka yi wa da duk wanda abin ya taɓa. Tambaya uku ce: me ya faru, wa abin ya shafa, me za a yi a gyara. Ba duka, ba kora.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Da'irar ce za ta ɗinke bulala, Mestra Odete?"

"Ka dai ba ni zuwa Juma'a."

"Na ba ki. Amma mota ba ta jiran da'ira."

Da yamma na je gidan kawuna, Tiu Bernardino, wanda shi ke riƙe da maganar danginmu in an yi rigima. Yana gona, matarsa na tarar. Na ce ta ara mini tabarma. Ta ce wace iri? Na ce mafi girma. Ta ce ta me? Na ce wata rigima zan sasanta a makaranta. Ta kalle ni, sannan ta hau tsani ta sauko da wata daga rufin ɗaki, mai ƙaurin hayaƙi. Allah ya sani na san tabarmar nan. Sau biyu na ga an shimfiɗa ta ina yarinya, ɗaya kan iyakar gona, ɗaya kan ɓauna da aka sara. Amma kaina cike yake da takardun Dili, na saɓa ta a kafaɗa har ina godiya.

Talata da safe muka tura bencina jikin bango, na shimfiɗa, yara suka zagaye. Ban kai ga tambaya ta farko ba na ji gyaran murya a bakin ƙofa. Tiu Bernardino ne, ya ɗaura tais ɗinsa, saƙaƙƙen zanenmu na taro, da kwandon bua, ƙwayar da muke taunawa kamar goro, a hammata. Bayansa ga uban Leonia da ƙannensa biyu, ga 'yan'uwan Mestre Zeferino, har da malamin coci da ban san wa ya gayyato shi ba.

"An ce kin shimfiɗa," in ji Tiu.

"Tiu, zama kawai za mu yi da yara."

"A kan wannan?" Ya nuna ta da haɓa. "'Yar nan, karatun naki har ya kai ki manta abin da kika ɗauko?"

Sai a lokacin na tuna. Tabarmar nan in aka shimfiɗa ta don magana, ba a naɗe ta sai maganar ta mutu, sai ɓangare biyu sun tauna bua tare bakinsu ya yi ja. Wanda ya naɗe kafin nan, shi ya san abin da zai biyo shi gida. Ina da takardar shaidar malanta, amma ko ni ba zan sa hannu ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Aka kore yara zuwa jikin bango, manya suka baje. Tiu ya ɗauko magana daga tushe yadda aka saba, wato daga kakanni: wa ya auri 'yar wa, wa ya ba wa mafaka lokacin gudun yaƙi, yadda Mestre Zeferino ya tara yara a gindin bishiya ya koyar da su shekarar da aka ƙone makaranta, uban Leonia na cikinsu. Awa uku ana abu ɗaya. Ba wanda ya tambayi Leonia ko da sunanta, tana durƙushe a gefe kamar kayan da aka zo tayawa. Ni kuwa ina zaune da tambayoyina uku a rubuce a tafin hannu, gumi na goge su.

Aka yanke: Leonia za ta durƙusa ta nemi gafara, ubanta zai yafa wa Mestre sabon tais, ita kuma ta shiga daji da hannunta ta yanko sabuwar gora ta miƙa masa. Mestre Zeferino ya gyaɗa kai. Mestre Gaspar har ya fara murmushi. Tiu ya jawo kwandon bua.

"Zan durƙusa," in ji Leonia, murya ƙasa-ƙasa. "Zan nemi gafara sau nawa aka ce. Amma ba zan yanko gora ba."

Ubanta ya yunƙura, ƙannensa suka riƙe shi. "Kin ji 'yar banza? A gaban mutane za ki tsinka ni?"

Na samu ƙofa na kutsa. "Leonia, me ya faru ranar Litinin?"

"Na karya bulala, Mestra."

"Me ya sa?"

Ta ɗaga ido ta dubi Mestre Zeferino, ta mayar kan tabarma. Na juya ga aji. Yara arba'in da ɗaya, kowa ya samu abin kallo a yatsun ƙafarsa.

Tiu ya mayar da murfin kwando. Ya ce, "Yaran yanzu ke nan. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Tabarma tana nan, mu ma muna nan. Juma'a da safe za mu dawo."

Haka muka yi karatun Laraba, bencina a jikin bango, tabarma a tsakiya, kowa na raɓawa ta gefe. Wata kaza ta shigo ta taka ta tun daga wannan baki har wancan, ba wanda ya iya korarta don kada ya taka shi ma. Mestre Gaspar ya leƙo sau uku yana tsaki.

Ni abin da ya hana ni sakat ba taurin kan Leonia ba ne, shirun ajin ne. Na san yaran nan. In ɗaya ya saki iska a layin baya, kafin a tashi tara duk makaranta ta san sunansa. A ce su arba'in da ɗaya sun haɗa baki sun yi gum? Ruwa ba ya tsami banza. Kuma me ya sa za ta yarda da durƙuso, ta yarda da kunya, amma gora ce ba za ta taɓa ba?

Da aka fita tara na tsare Ermelinda. Daga ƙetaren kogi take zuwa, kullum gefen siket ɗinta a jiƙe.

"Ke, tsakaninki da Allah, kin yi aikin nan ko ba ki yi ba?"

Sai hawaye. Ta ƙanƙame littafinta a ƙirji, da ƙyar na zare shi. Na buɗe shafin Litinin. Lissafi goma, shafi biyu cike da rubutun fensir, ta danna shi sosai har ya kusa huda takarda. A kansa an ja ƙaton jan layi daga sama har ƙasa, da hannun Mestre Zeferino: babu aiki.

Na tsaya ina juya littafin kamar wadda ba ta iya karatu ba. Na koma shafukan baya. Nan kuma rubutun baƙin biro ne mai kauri, da maki mai kyau. Da na kai shi bakin taga sai na ga fensir a ƙarƙashin biron. An fara rubutawa da fensir, sannan aka bi kai da tawada, harafi bayan harafi.

Na ce wa ajin ina son littattafan lissafi duka, wai zan duba tsafta. Na kwashe su zuwa ofishin malamai na baje. Duk haka suke, fensir a ƙasa, baƙin biro a sama. Na ɗauko littattafan darasina na gwada, babu wannan wahalar, kowa da abin da ya samu yake rubutu. Lissafi kaɗai ake yi wa ado. Kuma duk shafin da ba a bi da biro ba, jan layin nan na kansa. Na rubuta sunayen masu jan layi, na karanta, na sake karantawa. Kusan duka 'yan ƙetaren kogi ne.

Na samu Leonia a bakin famfo tana wanke tsumman allo. Na kama hannunta na dama na juya. Gefen yatsanta na tsakiya baƙi ƙirin, tawada ta zauna har cikin fata.

"Biro nawa gare ku?"

Ta yi kamar ba ta ji ba.

"Leonia, na ga littattafan. Ba tambayarki nake ko akwai ba, nawa ne?"

"Uku," ta ce. "Da huɗu ne, ɗaya ya ƙare. Mestra, don Allah kada ki faɗa."

A nan bakin famfo ta ba ni labari, tana matse tsumma. Tun bara suka lura Mestre ba ya ganin fensir, shuɗin biro ma sai ya yi sa'a. Baƙi mai kauri kaɗai yake gani. Kantin ƙauye ba ya kawo irinsa, sai wani ya je Gleno. Shi ne suka tsara: kowa ya yi aikinsa a gida da fensir, da sassafe a haɗu a bayan aji a bi kai da biro ukun nan, hannu zuwa hannu, kafin a buga ƙararrawa. Wanda ya makara ya rasa. In kogi ya cika, 'yan ƙetare sai sun jira ruwa ya ja, su ne kullum a makare. Ranar Litinin karo na uku ke nan da Ermelinda za ta sha Gwaggo a kan aikin da ta yi.

"Ba wanda ya taɓa ce masa ga rubutu nan?"

"Wani ya taɓa. Ya sha biyu, ɗaya ta lalaci ɗaya ta ƙarya."

"To ki faɗa ranar Juma'a mana, ki tsira."

Ta dube ni kamar ni ce yarinyar. "A gaban 'yan'uwansa, Mestra? A gaban babana? In buɗe baki in ce idon Pai ya mutu? Gara in ɗauki kwando."

"Gorar fa? Ki yanko kawai a wuce wurin."

"In na yanko, ranar da kogi ya cika wa za a daka da ita?"

Haushi ya kama ni, na rasa wa zan ji wa. Na ji haushinta, yarinya za ta jefar da karatunta saboda kunya. Na fi jin haushin kaina. Shekara biyu teburina na kusa da nasa. Duk takardar da ta zo daga ofishin ilimi sai ya miƙo mini ya ce, "Karanta mana, ke ce mai sabon ilimi." Ni kuma in gyara murya in karanta, kaina na fashewa. Yara 'yan shekara sha biyar sun gano abin da ni mai kwas a Dili ban gano ba.

Na san zan iya tashi ranar Juma'a in baje littattafan a kan tabarma, magana ta ƙare. Leonia za ta tsira, shi kuma in kashe shi da ransa a gaban mutanen da ya koya wa rubuta sunansu. Ita ma ba za ta yafe mini ba. Na kwana ina juya abin, ban samu hanya mai daɗi ba.

Alhamis bayan an tashi na saka littafin Ermelinda a jaka na hau tudu zuwa gidansa. Ni ma na taɓa shan Gwaggo a kan jadawalin bakwai. Na same shi a baranda yana ɓarzar masara da hannu cikin faifai.

"Wa ke nan?"

"Odete ce, Mestre."

"Mai da'ira. Zauna. An aiko ki roƙo ne?"

"A'a. Wani aiki nake so ka duba mini."

Na buɗe shafin Litinin na miƙa masa. Ya kawo shi kusa da hanci, ya nisanta, ya karkata shi wajen haske. Sai a lokacin na kalli idonsa da kyau, na ga farar yana kwance a kan baƙin.

"Na malalaciyar nan ne? Ga jan layina. Fari fat, ko ɗigo babu."

"Mestre, lissafi goma ne a nan. Shafi biyu cike."

Fuskarsa ta ɗaure. "Ke ma? Ke ma kin shiga sahunsu?"

Ban san inda na samo ƙarfin hali ba. Na kama yatsansa, yatsan da ya sha nuna ni a aji, na juya takardar na ɗora shi a bayan shafin. Na ce yarinyar nan danna fensir take yi da dukkan ƙarfinta, ko Allah zai sa ka gani. Ya ja yatsan a hankali. Rubutun ya taso ta baya kamar ƙurajen zafi, layi bayan layi. Ya bi na farko, ya bi na biyu, ya sauka har ƙasan shafi. Ya koma sama ya sake.

Kaji suka zo suna cin masarar faifai, bai kore su ba.

Na gaya masa sauran, biro uku da bayan aji da kogi. Na gaya masa abin da Leonia ta ce game da kwando. 

"Na san akwai hazo," ya ce. "Na ɗauka hazo ne kawai. Littafin gwamnati na haddace shi, allo kuma hannuna ya san hanya. Da na ga farar takarda sai na ce yaran zamani ne suka lalace." Ya rufe littafin. "Tun yaushe?"

"Tun bara."

"Bar mini wannan. Je ki gida, Odete."

Na sauko tudu ban san ko gyara na yi ko ɓarna ba. Tsoro nake ji ƙwarai, kada girman kai ya sa ya ƙara taurare, in zama na tona asirin da yara suka rufe shekara guda a banza.

Juma'a da safe aji ya cika har taga. Motar Gleno na tsaye a bakin hanya, direba na shan kofi, ya ce ƙarfe tara zai tashi ko da wa ko ba wa. Mestre Gaspar ya zo da takardar sunaye, layin Leonia babu komai. Uban Leonia ya yanko gora da kansa, sabuwa ɗanya, yana ta cusa mata a hannu yana raɗa, "Miƙa kawai, wa zai ce ba ke kika yanko ba?" Ita kuwa ta dunƙule hannuwa a cinya.

Mestre Zeferino ne ya zo ƙarshe. Ya cire takalmi, ya zauna, ya ajiye littafin Ermelinda a gabansa.

"Bernardino, a matsa wa yara su hau tabarma."

Tiu ya ce, "Yara a kan wannan? Ba a taɓa yi ba."

"Kai ka ce magana daga tushe ake ɗauko ta. Ranar Talata mun je har kakanni ba mu same shi ba. Tushen na jikin bango a tsaye."

Tiu ya yi ɗan tunani, ya ja jiki gefe. Yara suka hau a ɗarare, suna taka ta kamar za ta ƙone su.

"Idona ya yi yana," in ji Mestre Zeferino. Haka ya faɗe ta, ba kwana. "Ba na ganin rubutun fensir. Shekara guda ina dukan yara a kan aikin da suka yi. Su sun sani, suka rufa mini asiri. 'Yata ta karya bulala don kada in ƙara, ta zaɓi a kore ta da ta faɗi abin da na faɗa yanzu."

 Uban Leonia ya sauke gorar a hankali ya tura ta bayansa. Tiu Bernardino, mai maganar rimi, ya duƙar da kai yana gyara murfin kwandon da ba abin da ya same shi.

Mota ta yi ham a waje.

"Gaspar, rubuta sunanta. Kawo in sa hannu a matsayin malamin aji." Aka miƙa masa takarda da biro, ya tsaya da biron a sama yana neman layi. Leonia ta matso da gwiwa, ta kama hannunsa ta ɗora a wurin. Ya sa hannu. Mestre Gaspar ya fita da gudu, rabon da in ga ya yi gudu tun ranar da kare ya shigo ofis.

Leonia ba ta koma wurinta ba. Tana durƙushe ta ce, "Pai, ka yafe mini. Bai kamata in yi maka haka a gaban aji ba."

"Da kin yi a bayan aji da ban ji ba. Tashi." Ya juyo wajen da yake jin numfashin yara. "Duk wanda na daka alhali ya yi aikinsa, ya ɗaga hannu."

Da farko ba wanda ya motsa. Sai Ermelinda ta ɗaga, sai na kusa da ita, sai hannuwa suka yi ta tashi. Ya ware ido yana dubawa, na ga yana ƙoƙari.

"Leonia, ƙirga mini. Ba na gani."

Ta ƙirga. Muryarta ta karye a wajen sha biyu, ta daure ta kai ƙarshe. "Sha bakwai, Pai."

"Sha bakwai," ya maimaita. Ni da na zo da tambayoyi a tafin hannu, kuka nake yi ba kunya, har Tiu na hararata.

Tiu ya buɗe kwando zai raba bua, Mestre ya ɗaga hannu. "Tukuna. Odete, tambayar nan taki ta uku, yaya take?"

Na share hanci na ce, "Me za a yi a gyara."

"To ku na tambaya, ku sha bakwai. Me za a yi?"

Manya suka fara ba da shawara, wannan ya ce asibitin Dili na cire yana, wancan ya ce ɗansa zai raka shi. Ya ce ya ji, zai je, amma ba su ya tambaya ba.  Can sai ga 'yar murya daga gefe.

"A duba mini aikina," in ji Ermelinda.

Kwana tara tabarmar ta ƙara a aji tara, don ya rantse ba za a naɗe ba sai an karanta masa kowane shafi mai jan layi ya ba shi makinsa. Sai a rana ta tara aka tauna bua, shi da Leonia suka naɗe ta, shi ta wannan baki ita ta wancan. Ɗanyar gorar kuwa Ermelinda ya ba, ya ce ta riƙa dogarawa in za ta ƙetare kogi.

Amma a ranar Juma'ar nan da Ermelinda aka fara. Ta zauna a gabansa ta buɗe littafi tana karantawa, lissafi na ɗaya, na biyu, yana cewa daidai, daidai. Da ta karanta na bakwai sai ya ce, "Kuskure."

Yarinyar ta ƙame, ta runtse ido, ta ɗage kafaɗu. Duk muka ga hannunsa na dama ya tafi gefe da kansa, inda Gwaggo ta saba kwanciya shekara talatin. Ya lalubi wurin, ba komai sai tabarma. Ya bar hannun a nan ɗan lokaci, sannan ya dawo da shi kan gwiwarsa.

"Matso kusa, 'yata," ya ce. "Karanto mini shi a hankali, mu ga inda ya ɓace mana."